Tes ya wuce ni sau biyu, wa zan rubuta wa takarda?

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ni magidanci ne, ina aji 2 a jami'a a Katsina amma daga Daura nake zuwa kullum, in na shiga motar haya bayan asuba ma sai ta cika take tashi, ga tsaye-tsaye a Mashi, kafin in hau keke Napep in isa aji, ƙarfe takwas ta wuce.

Wani kwas ne malamin ya maido da lakcarsa ƙarfe 8 na safe, sanarwar kuma cikin dare ake sakawa a guruf ɗin WhatsApp. Tes biyu ke nan sun wuce ni, maki 30 na CA (makin tes da ayyukan aji kafin jarrabawa) babu ko ɗaya, atendans (halartar aji) ma bai kai kashi 75 ba.

Na samu kilas ref (wakilin ɗaliban aji) ya ce ba hurumin shi ba ne. Na je ofishin malamin sau uku ƙofa a kulle, lebul kodineta (malamin da ke kula da 'yan ajinmu) ya ce in rubuto takarda, bai ce ga wa ba, yaran ajin kuwa duk sa'annin ƙannena, kowa da nasa zancen.

Wanda ya taɓa neman tes na ramuwa, HOD (shugaban sashe) ake rubuta wa takardar ko malamin kwas ɗin kai tsaye? Jarrabawa saura sati uku.