Injina na mutuwa tsakiyar montaj, ina son in sa mata ruwa

Mai hoto: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon hoto da montaj ɗin bidiyon biki a unguwar Zariya. Ordinater ɗin da nike aiki da ita kawuna ya bar mini lokacin da ya koma Damagaram, shi ma a hannu ya saye ta, kuma da ita na fara cin abinci, shi ya sa ban son rabuwa da ita. Tun da zafi ya shigo, da na sa bidiyo ya fara fita sai bantilater ya kama kuwwa, can ta mutu. Akwai uwar amarya da ke mini sintiri kullum bayan la'asar, har na fara ɓuya. Wani abokina mai zuwa Kano ya ce zai kawo mini bulok ɗin ruwa da ake ɗora wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, don ya sanyaya ta. Wanne zan ce ya sawo? Intel ce.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, "Intel ce" ba amsa ba ce. Soket muke so, wato mazaunin da furosesa ke zama ciki. LGA 775 na 2004 tazarar ramukanta na ɗaura mai sanyayawa milimita 72 ce. 1156, 1155, 1150, 1151 har 1200 duk 75 ce, bulok guda ya hau su. 1366 kuma 80. Sa CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanin furosesa, ka karanto muna abin da ya rubuta.

Na Sabon Gari: Kai dai sayo kowane, duk suna zuwa da ƙarafunan ɗauri iri-iri cikin kwali.

Injiniya: A'a Malam. Sababbi da yawa sun bar 775. Bambancin milimita 3 ya isa ya sa mutum ya matsa noti ya tanƙwara kart mer, babban allon da komi ke haɗe kansa.

Mai hoto: Core i7 aka rubuta jikin akwatin, kuma Dell ce. Ban iya sa komi yanzu, babu kuran.

Injiniya: To, ga inda gizo ke saƙa. In i7 ce ba 775 ba ce. Amma injinan ofis na Dell irin OptiPlex sau da yawa notin mai sanyayawa cikin ƙarfen kamfanin yake shiga, ba farantin bayan da ke zuwa da bulok ba. Filogin bantilater ma nasu ne daban. Kuma ina za ka rataya radiyater cikin wannan ƙaramin akwati? Bulok kaɗai bai yin komi, sai da famfon tura ruwa, tiyo, radiyater da tanki.

Baban Hajiya: Ni batun Kanon nan ne ya tada mini tabo. Na ba wani jika talatin ya sawo mini abu, ya dawo yana ba ni labarin canjin naira da Jibiya. Har yau ba kaya ba kuɗɗi. Ka yi hattara.

Mai hoto: Baba, wannan tare muka tashi, ba ya yi mini haka.

Mai gyaran rediyo: Yaro, yaushe rabonka da buɗe ta? Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan daskare cikin haƙoran ƙarfen mai sanyayawa. Hure ta, ka goge busasshen man da ke kan furosesa ka sa sabo. Bai kai jika biyu ba.

Mai hoto: Ina share ta da tsumma kullum. Ba ƙazanta ba ce, ƙarfin aikin ne.

Injiniya: Bari in gaya maka abin da masu saidawa ba su faɗi. Ruwa bai sauka ƙasa da zafin ɗaki. In Afirilu ta kai 42 a shagon kwano, daga nan ruwanka zai fara lissafi. Sannan bantilater ɗin asali yana hura wa kondansatoci, ƙananan gwangwanayen da ke kewaye da soket, iska, bulok bai yi, kuma a tsohuwar kart su ne ke fara kumbura. Kar ka haɗa bulok na jan ƙarfe da radiyater na alminiyam, suna cin juna. Ruwan famfon gida kuma kar ya shiga, sai tataccen ruwa.

Na Sabon Gari: Ni ruwan radiyater na mota na zuba wa tawa, lafiya lau take.

Injiniya: Buɗe ta baɗi ka turo muna hoto.

Hajiyar kanti: Ɗana, kuɗɗin da za ka zuba nan ka ƙara ka sayi wata injin mana. Ni ta kantina da wutar nan ta ƙone, gyara ya ci fiye da kuɗɗinta.

Mai hoto: Hajiya, na gode, amma ba batun sayen wata nike ba. Na riga na tura wa abokin nawa kuɗɗi jiya. Ya ce akwai mai fitila shuɗiya da marar fitila. Wanne ya fi?

Injiniya: Lambar soket, ƙanena.

Mai hoto: In an kawo wuta zan duba. Amma abokin nawa ya ce gobe da safe zai taso.