Iyaye na da haƙƙin a canza wa ɗansu malami a sakandare a Amurka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. 'Yata tana aji goma a wata makarantar gwamnati a Bronx, birnin New York. Ita da malamin kimiyyar sinadarai jininsu bai haɗu ba. Ta ce in ta yi tambaya sai ya ce ta duba littafi, ga makinta kullum ƙasa yake yi. Yanzu muna mako na biyar da komawa. Shin doka ta ba ni damar in ce a mayar da ita ajin wani malami? Kuma wa ya kamata in fara gani?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gara ki ji gaskiyar tun yanzu: babu wata doka, ta tarayya ko ta jihar New York, da ta ba iyaye ikon zaɓar wa ɗansu malami. Raba ɗalibai ajujuwa hurumin shugaban makaranta ne. Abin da kike da shi shi ne damar roƙo, kuma yadda kika yi roƙon shi ne rabin nasara.

Galibi ba mugunta ke sa su ƙi ba, jadawali ne. A sakandare kowane yaro da nasa jadawalin. A ce malamai biyu ne ke koyar da darasin, ɗayan kuma ajinsa na faɗowa daidai lokacin da 'yarki ke ajin Turanci. Kin ga kafin a matsar da darasi ɗaya sai an taɓa biyu ko uku. Ga maganar gurbi: dokar da jihar ta yi a 2022 tana rage ajin sakandare na birnin sannu a hankali zuwa ɗalibai 25, don haka ajin da ya cika ba a son ƙara masa ko mutum ɗaya. Yawancin makarantu kuma a makon farko ko na biyu na zango suke buɗe ƙofar sauya darasi. Mako na biyar an ɗan makara, amma ba a rufe ba.

Ki fara da malamin kansa. Ki aika masa imel ki nemi ganawa, domin tambayar farko da ofis zai yi miki ita ce, kin yi magana da shi? In ba a ga sauyi ba bayan mako biyu, sai jami'in ba da shawara na makarantar, shi ke riƙe da jadawalin yarinyar kuma shi ya san ajin da ke da gurbi. Daga nan mataimakin shugaba mai kula da sashen kimiyya, sannan shugaba. Galibi makarantar gwamnati a birnin tana da jami'in hulɗa da iyaye, zai iya haɗa miki ganawar.

Kada ki rubuta cewa malamin bai iya koyarwa ba, nan take za su zagaye shi su kare shi. Ki kawo abin da ake gani da ido: ranar kaza ta yi tambaya aka ce mata kaza, aiki uku ta miƙa har yau ba a saka maki ba, bara ta ci kaza a kimiyya bana ga abin da take ci. Ki kuma sa yarinyar ta binciko wane lokaci ɗaya ajin yake zama. Wanda ya zo da mafita a hannu an fi saurin amsa masa.

Ɗan Zango:
Malam ya yi daidai, sai dai akwai inda roƙo ke komawa haƙƙi, kuma ya kamata Hajiya ta tantance wanne ne nata. In matsalar salon koyarwa ce, to magana ta tsaya inda Malam ya ajiye ta. In kuwa ana muzanta yarinyar ne saboda launin fatarta, ko ƙasar da ta fito, ko lafazinta, ko hijabinta, wannan wata shari'a ce daban. Sashe na 6 na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya hana wariyar launi da asali a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya. A New York akwai dokar DASA, mai hana cin zarafi da wariya a makarantun gwamnati, da ta fara aiki a 2012, ta haɗa har da addini, kuma ta shafi cin zarafin da ma'aikaci ya yi wa ɗalibi, ba na yara kaɗai ba. Kowace makaranta tana da wanda aka naɗa ya karɓi irin wannan ƙorafi, kuma dole a bincika. Mai son kai ƙara ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ta tarayya yana da kwana 180 daga ranar da abin ya faru.

Ko a nan ma doka ba ta ce lallai a canza malami ba, cewa ta yi makaranta ta kawo ƙarshen cutarwar. Sau da yawa raba su ne hanya mafi sauƙi, shi ya sa ake yi. Amma don Allah kada a laƙaba wa mutum wariya don kawai a samu canjin aji. In bincike bai tabbatar ba, yarinyar ce za ta ci gaba da zama gabansa har Yuni.

Wasu abubuwa uku da iyayenmu ba su cika sani ba. A makarantun da ke karɓar tallafin tarayya na yaran masu ƙaramin ƙarfi, dokar ESSA ta 2015 ta ba ki damar tambayar ko malamin yana da lasisin koyar da wannan darasin. Dokar FERPA ta 1974 kuma ta ba ki damar ganin bayanan karatun 'yarki cikin kwana 45 da nema. Tafinta ma haƙƙinki ne, kyauta. Kada ki yarda a sa yarinyar ta yi miki fassara a zaman da ake maganarta.

Yaya Mai Alli:
'Yar'uwa, ga wani abu da ake mantawa sai ya zo ya ciji mutum a ƙarshen shekara. Kafin ɗalibi ya zauna jarrabawar Regents ta kimiyya, wato jarrabawar da jihar New York ke shiryawa a ƙarshen darasi, sai ya cika minti 1,200 na aikin ɗakin gwaje-gwaje, da rahotanninsa a rubuce. Rahotannin suna hannun malamin da ya koyar da ita. In aka canza mata aji ba a kwashe su zuwa wurin sabon malamin ba, sai a wayi gari a watan Mayu a ce mintocinta ba su cika ba. Ki nemi a rubuta miki adadin da ta yi, a kuma faɗa miki ko makin da ta tara zai bi ta. Yawanci yana bin ta, canjin aji ba ya wanke allo.

Ni a ganina ma, in ba cin mutunci a ciki, ki nemi canjin ya fara da sabon zango a ƙarshen Janairu. Lokacin ake sake taɓa jadawali, shugaba ya fi sakin hannu, kuma ba za ta faɗa ajin da ya wuce ta da babi biyu ba.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba zagi ba ne gaskiya, rashin kulawa ne. To in shugaban ya ƙi fa?

Tsohon Malami:
Ki ce ya ba ki amsar a rubuce tare da dalili. Da ita za ki je ofishin sufuritandan da ke kula da makarantar, ko ki kira 311, lambar wayar hidimomin birnin, su haɗa ki. Ba kasafai suke soke hukuncin shugaba kan rabon aji ba, don haka tun a zamanki da shugaban ki nemi mafita ta biyu: ƙarin darasi bayan tashi wurin wani malamin sashen, da ranar da za a sake zama a duba makinta, a ce bayan mako uku.