Hangen Dala ba shiga birni ba: ta hau kan wanda ya tsaya a Khazna?

Baban Ummi: Jama'a, a raba mu gardama. Maƙwabcina ya dawo daga Jodan, ya ziyarci Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Ya bi ta Siƙ, tsagar dutsen nan mai tsawon sama da kilomita 1, ya ɓullo gaban Khazna, shahararren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse, ya ɗauki hotuna, ya juyo abinsa. Na tambaye shi ko ya hau Ad-Dair, wani ginin irinta da ke can saman dutse, ya ce matakala wajen 800 ce, gwiwarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce masa hangen Dala ba shiga birni ba. Ya ce na aje karin maganar a inda ba muhallinta ba.

Malamin Tsangaya: Maƙwabcinka ya fi ka gaskiya, Alhaji. Maganar fatake ce. Mutum ya taso daga nesa, ya hango Dala tun kafin ya ga ganuwa, sai ya saki jiki, alhali akwai sauran tafiya, dare na iya yi masa a rufe ƙofa. Gargaɗi ne ga wanda bai iso ba. Shi kuwa wannan ya shiga birnin, dutsen ne bai hau ba. Ka juya ta a baibai.

'Yar Damagaram: Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, wane birni ya shiga? Khazna a bakin hanya take. Garin Nabatawa, mutanen da suka gina Petra, na can ciki: filin wasan da aka sassaƙa a jikin dutse, titi mai ginshiƙai, kaburburan sarakuna, da tsohon wurin bautar da ake kira Ƙasr al-Bint. Khazna ce Dalarsa, ita ya hanga.

Malamin Tsangaya: To, Hajiya, in bai wuce Khazna ba na sallama. Amma Alhaji kan hawan dutse ya yi masa gori.

Ɗan Fagge: Ni na hau. Matakalar a jikin dutsen aka sare ta, wani wurin ta siɗe har tana santsi, ga jakuna na saukowa, dole ka manne da bango su wuce. Matan Badawiyyai na zaune a gefen hanya suna sayar da gyale da shayi. Kana ƙarasawa sai fili, ka waiga dama ka ga ginin, tsayinsa ya haura mita 45, ya fi Khazna faɗi nesa ba kusa ba, ƙofarsa kaɗai ta ninka mutum sau da yawa. Ka ƙara gaba kaɗan ka hango kwarin Wadi Araba, da farar ƙubbar da ke kan dutsen Jabal Haruna. Kuma a hanya ne za ka lura da magudanan da suka sassaƙa don tare ruwan sama, ka gane yadda mutane suka rayu a wannan ƙeƙasasshen wuri suna cinikin turare har Rumawa suka karɓe mulkin a shekara ta 106 Miladiyya. Don haka ina bayan Baba Alhaji.

'Yar Damagaram: Ƙanena, magudanan nan ai tun cikin Siƙ ake ganinsu, hagu da dama. Wannan kam maƙwabcin ya gani.

Malamin Tsangaya: Labarinka ya yi daɗi, ɗana, sai dai hujja ce ta wata karin maganar, gani ya kori ji. Karin magana ba roba ba ce da za a yi ta ja. Mutumin da ya san gwiwarsa ya dawo lafiya bai yi alfaharin ya gama ba, ita kuma wannan maganar mai cika baki ake jefa wa.

Baban Ummi: Ai nan gizo ke saƙar, Malam. Tun da ya dawo yake gaya wa mutanen majalisa ya zagaye Petra kaf.

Malamin Tsangaya: Au! Da ka faɗi haka tun farko. Gobe bayan la'asar ka sake gaya masa, ka ce in ji ni.