Awon idon Mama yana fita daidai, amma ganinta na raguwa

Assalamu alaikum. Likitocin ido da duk wanda ya taɓa fama da irin wannan lalura, don Allah ku taimaka mini.

Mahaifiyata tana da shekara 63. Wata biyar da suka wuce likita ya ce tana da hawan jinin ido, wato gilakoma, amma irin wanda awon ƙarfin ruwan ido yake fita lafiya lau. Nata 15 ne a dama, 16 a hagu, ga shi an ce sai ya haura 21 ake cewa ya hau. Duk da haka jijiyar gani tana lalacewa, gwaji ya nuna ganin gefe ya ragu, har tana tuntuɓe da kujera a tsakar gida.

An ba ta maganin ɗigawa a ido mai suna latanoprost, ɗigo ɗaya kowane dare. Likita ya ce so yake awon ya sauka da kamar kashi 30 cikin 100, domin ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ita kuwa ta kafe: "Tunda awo lafiya, me zan ɗiga?" Wasu dararen sai na yi ta lallashi.

Abin da ya fi damuna shi ne, da dare take shan maganin hawan jini. Na ji cewa idan jini ya sauka sosai cikin barci, jijiyar ido ba ta samun isasshen jini. Mu koma wa likitan ido da maganar, ko wanda ya rubuta mata maganin? Ba na son mu sauya lokacin da kanmu.

Kuma ta yaya zan fahimtar da ita ba tare da na tsorata ta ba?