Baƙar tawada ta ƙi fita daidai, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar ɗab'i. Ina da firinta mai tanki, mai kala huɗu, da ita nake buga katin biki da takardun makaranta. Tun shigowar hunturu baƙin ke fita da ratsi-ratsi, wani layi ya fito wani ya ɓace, alhali sauran kalolin lafiya lau, tankin kuma cike yake. Na yi ta ba da umarnin wanke kan firintar, wato inda tawada ke fitowa, daga kwamfuta, tawada kawai ke tafiya a banza, har ina tsoron soson da ke tsotse ragowar ya cika. Cikin bututun baƙin ina hango kumfar iska. Iskar ce, ko tawada ce ta bushe a kan? An ce in ɗura wa kan ruwan wanke kan firinta da sirinji, ba zai ƙona kan ba? Don Allah wanda ya sani ya agaza, aikin mutane na hannuna.