Tambaya kan kallon furen sakura a bakin magudanar ruwa ta Kiyoto

Manomin Fadama, Argungu:
Assalamu alaikum. An zaɓe ni zuwa horon noman shinkafa a Japan daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, kuma an ce za a ba mu kwana biyu mu ziyarci Kiyoto. Na daɗe ina ganin hotunan fararen furannin nan na sakura, wato itacen ceri na Japan, da suke lulluɓe bakin wata tsohuwar magudanar ruwa a birnin, ina kuma son in gan su da idona. Wane lokaci ya dace in nema, kuma ta ina zan fara?

Malama daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a tafiyar. Na yi karatu a yankin, don haka zan faɗi abin da na gani. Wurin da kake nufi shi ne Hanyar Masanin Falsafa, wata siririyar hanya mai tsawon kusan kilomita 2 da ta tashi daga kusa da haikalin Ginkaku-ji ta nufi wajen haikalin Nanzen-ji. An laƙaba mata sunan ne saboda Nishida Kitaro, malamin Jami'ar Kiyoto da ya saba bin ta yana tunani. Ruwan da ke gudana gefenta reshe ne na magudanar da aka haƙo daga tafkin Biwa, wadda aka fara a 1885 aka kammala a 1890.

Ka nemi kwanakinka tsakanin ƙarshen Maris da makon farko na Afrilu, amma kada ka tsayar da rana tun yanzu, domin furen ba ya wuce kamar mako ɗaya a cikarsa, kuma ruwan sama na dare ɗaya yana iya kakkaɓe shi. A 2021 ya cika tun 26 ga Maris, ya riga duk lokacin da aka saba. Ni shekarata ta farko na makara da kwana uku, na yi baƙin ciki ƙwarai, sai na tarar furen da ya zube ya rufe ruwan ruf, yana tafiya a hankali kamar an shimfiɗa farin mayafi, har agwagi na ratsa shi suna barin layi a baya. Har yau wannan ne abin da na fi tunawa.

Ka fita da zarar ka yi sallar asuba, domin kafin hantsi hanyar ta cika maƙil, kusan kamar bakin Matan Fada ranar kamun kifi.

Ɗalibi daga Yawuri:
Ina goyon bayan Malama, sai dai ina da gyara kan yadda muke fassara lokacin. Ana cewa furen bazara ne, mutum sai ya zaci zafin Maris irin namu zai tarar, alhali safiyar Kiyoto a lokacin ta fi kama da tsakiyar hunturu. Yaya, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. Kuma kada ka karya reshe ko ka girgiza itacen don ɗaukar hoto, domin mutanen wurin suna ganin hakan rashin ladabi ne babba.

Manomin Fadama, Argungu:
Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya da ke damuna a matsayina na manomi: ta yaya ɗaruruwan itatuwa za su yi fure a mako guda, kuma ana cin 'ya'yansu?

Malama daga Birnin Kebbi:
Tambayarka ta manomi ce, Malam. Yawancinsu iri ɗaya ne da ake kira Somei Yoshino, kuma ba a shuka shi daga ƙwallo, aure ake yi masa kamar yadda muke yi wa mangwaro. Tun da duk daga tushe ɗaya suka fito, ɗumin da ya tashi ɗaya shi ne yake tashin sauran, furen kuma yana riga ganye fitowa, shi ya sa kake ganin itacen fari fat. 'Ya'yan da yake yi ƙanana ne masu ɗaci, ba don su ake dasa shi ba. Idan ka isa, ka riƙa duba hasashen furen da ake fitarwa a tashoshin yanayi, sannan ka roƙi masu horonku su bar maka ranar a buɗe har sai an sanar cewa ya fara buɗewa a Kiyoto, domin daga nan zuwa cikarsa kamar mako ɗaya ne.