Muhawara kan raba ɗalibai gida huɗu a ajin harkokin kuɗi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi a kan malamin da yake ɗaukar mu darasin harkokin kuɗi a wannan zangon. Ya ce mu riƙa kallon darasi a gida ta bidiyo, mu zo aji mu yi aiki, kuma ban ƙi ba duk da tsadar data da rashin wuta. Sai kuma ya raba mana takardar tambayoyi, ya kasa mu gida huɗu: masu ganewa da gani, masu ganewa da ji, masu karatu da rubutu, da masu aiki da hannu. Ni na faɗa cikin masu ji, muna zaune muna sauraren bayani, alhali 'yan gida na huɗu suna kan kwamfuta suna lissafa yadda naira 100,000 take zama 144,000 cikin shekara biyu idan ruwan kashi 20 cikin ɗari ne kuma yana hawa kan na baya. Jarrabawa kuwa iri ɗaya za mu rubuta. Shin ya dace in nemi malamin ya sauya mini gida? Mu an bar mu da hadda kawai, irin ta makarantar allo.

Malam na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye maganarka ta ƙarshe. Yaron da ya wanke allonsa da asuba ya biya karatunsa ba tare da ya dubi rubutu ba, ba ƙaramin aiki ƙwaƙwalwarsa ta yi ba, kuma da yawa daga cikin masu koyar da ku ta nan suka fara.

'Yar Gwammaja: Allah ya gafarta Malam, ai bai zagi makarantar allo ba. Nufinsa shi ne lissafi ba ya zama a kai sai hannu ya yi shi.

Malam na Ƙofar Mata: Da haka yake nufi, da haka zai rubuta. Ya zaɓi hadda ne domin a wurin 'yan boko ita ce alamar ci-baya.

Malamar Lissafi: Mu koma kan batun. Rabon nan na gida huɗu daga wani malami ɗan New Zealand ya samo asali, Neil Fleming, a 1987. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi binciken da aka yi a kai, suka ce babu isasshiyar hujja cewa koyar da ɗalibi ta hanyar da ya ce ya fi so tana ƙara masa fahimta. Su ma Bergmann da Sams, malaman kimiyya a Colorado ta Amurka da suka yayata kallon darasi a gida, manufarsu ita ce lokacin aji ya zama na aiki ga kowa.

Baban Kwari: Malama, mu a Kantin Kwari yaron shago yana haddace farashin atamfa kala-kala da bashin kwastomomi, babu Bature ɗaya da ya auna shi. Wannan hadda ce ko ba hadda ba ce?

Malam na Ƙofar Mata: Madalla, Alhaji. Kuma ku lura da misalin da yaron ya kawo, ai kuɗin ruwa ne zalla. Bankin Jaiz, bankin Musulunci, ya buɗe a Kano tun 2012, me ya hana a koya musu lissafin murabaha, wato sayar da kaya da ribar da aka amince da ita maimakon kuɗin ruwa?

'Yar Gwammaja: Malam, wanda bai san yadda ruwa yake ninkuwa ba, ta yaya zai guje masa? Alhaji kuma, da ma ba ka taɓa saɓa wa Malam a zauren nan ba.

Baban Kwari: Yarinya, ki san da wanda kike magana.

Ɗan Fagge: Jama'a, tambayata ita ce ko ya dace in nemi malamin ya sauya mini gida, amma har yanzu ban samu amsa ba.

Shugaban zaure: An rufe wannan batu. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawanmu sun yarda cewa hadda ginshiƙin ilimi ce, kuma Ɗan Fagge ya yi gaggawa wajen zaɓen kalma. Malamar Lissafi ta kawo wasu sunayen Turawa, mun gode mata. 'Yar Gwammaja ta nemi afuwar Alhaji kafin Magariba, shi kuma Ɗan Fagge ya bi tsarin malaminsa har zangon ya ƙare.